Sabuwar Kazar Twumasi

Ranar da Twumasi ya dawo Dormaa daga Kumasi, da jaka ɗaya da takalmi mai tsini da tabarau wanda ba na ciwon ido ba, tun a tasha ya sanar da cewa zamanin sayen 'yan tsaki ya ƙare. Ni kafinta ne, rabin ɗakunan kajin unguwarmu ni na kafa su, kuma ranar ina tashar ina jiran lodin katako, don haka ba labari aka ba ni ba. Ya ce shekara da shekaru mutanen garin nan suna zaune ana aiko musu da 'yan tsaki a kwali daga waje, sai ka ce ba su da kai. Shi zai ƙirƙiro kazarsa. Zai sa mata suna Twumasi Ja, za ta riƙa yin ƙwai kullum, ranar Lahadi biyu.

Maame Henewaa, mai sayar da dafaffen ƙwai da barkono a bakin tasha, ta tambaye shi ko ita kazar ba za ta je coci ba ne. Ya gyara tabarau ya wuce.

Shirin nasa kuwa yana da inda ya dosa. Kawunsa Ankama shi ke da gonar kajin da ke bayan makaranta, ɗaki uku, kaza dubu shida. Tsohon ya doshi tamanin, gwiwa ta ƙi, kowa ya san ya kusa ajiye makullai. A wajenmu ɗan 'yar'uwa ke gadon kawu, Twumasi kuma shi ne namijin ɗakinsu. Sai dai shekara goma sha ɗaya Pomaa, ƙanwar Twumasi, ce ke riƙe da gonar. Ita ke duba ruwa da abinci, ita ta kwashe matattun kaji da hannunta shekarar da annoba ta shigo, ita ta sake cika ɗakunan. Duk wannan lokaci yayan nata yana Kumasi yana sayar da murfin waya, daga baya maganin basir, daga baya wani abu da har yau bai faɗi sunansa ba. Ni dai ba na ɓoyewa, raina yana tare da Pomaa.

Twumasi ya je gaida kawun, ya zazzage masa shirin kaf. Tsohon ya saurara har ƙarshe yana sakace. Sannan ya ce a watan Disamba zai cika tamanin, kuma za a yi masa oto, dakakkiyar doya da manja da dafaffen ƙwai a kai, yadda ake yi wa kowa ranar murnarsa.

"In ƙwan da ke kan oton nan na kazarka ne, wadda kai ka ƙyanƙyashe, makullai naka ne," in ji shi. "In ba haka ba, a gaban dangi zan miƙa wa Pomaa."

"Wofa," in ji Twumasi, don haka muke kiran kawu, "ƙwai ɗaya kacal? Ai sai ka tanadi daro."

A watan Maris ke nan.

Ya shiga gonar ya zaɓi jajayen kaji goma, ya sayi farin zakara cikin mazan nan da masu kawo 'yan tsaki ke bayarwa da arha a kiwata don miyar Ista. Pomaa ta tare shi a ƙofa. Ta ce masa kajin kwali ba a yin iri da su. Can inda ake haɗa su, jan uba ake ba farar uwa, kowanne daga gidan da aka yi shekaru ana tacewa. 'Ya'ya mata su ɗauko jan uban, maza su ɗauko farin uwar, shi ya sa tun ranar farko ake gane su. Amma sau ɗaya abin ke yi. In ka haɗa 'ya'yan da junansu, komai warwatsewa yake, da launi da yawan ƙwai. Ta ƙara da cewa yawan ƙwai ma ba daga uwa kaɗai yake zuwa ba, zakara ma yana kawo nasa rabon daga nasa gidan.

Twumasi ya cire tabarau don ya ji daɗin dariya.

"'Ya mace ta gaji ubanta? A Dormaa? Ke gadon wa kike jira, na babanmu ko na Wofa? Jini na uwa ne, Pomaa. Kin taɓa ganin zakara ya yi ƙwai?"

"Bra Twumasi," in ji Pomaa, don Bra muke ce wa yaya, "kaza ba ta san tsarin danginmu ba."

"A hannuna za ta sani."

Ni ya sa na gina masa ɗaki a bayan gidan uwarsu, katako har sama, babu taga ta wajen hanya, wai kada 'yan leƙen asirin ƙasashen waje su sace masa fasaha. Na ce kaji na son iska. Ya ce ni da guduma aka san ni, in tsaya a nan. Na tsaya, amma akwai wani katako mai huda da na buga daidai tsayin idona.

Da ƙwai talatin suka taru ya jera su a kwando, ya ɗauko kazar da ta fi kowace yi, ya ɗora ta a kai. Ta dube shi, ta sauka, ta tafi cin abinci. Kajin kwali ba sa kwanci, tuntuni aka tace musu wannan hali, domin kazar da ke kwanci ba ta yin ƙwai. Kowa ya san haka a garin nan sai mai ƙirƙiro kaza. Ya mayar da ita, ta sauka. Ya kife ta da kwando ya ɗora dutse. Da ya buɗe da la'asar, ta fasa tara, ta shanye huɗu, ta yi tsaye kan sauran kamar mai jiran mota.

Ya ce tarbiyya ce ba ta samu ba. Washegari ya saƙalo ta a hammata ya kai ta gidan Maame Henewaa, ya tsaya gaban akurkin wata kazar gida da ke kwanci, ya riƙe kan tasa yana nuna mata. Ya fi rabin awa a haka. Maame tana wanke faranti, ta ce ai ya manta bai kawo mata littafi da biro ba, ta yaya za ta riƙe karatun? Ya ce irin wannan magana ce ta hana ƙasar nan ci gaba.

Daga nan ya ce dama shi bai yarda da kwancin kaza ba, tsohon yayi ne. Ya samo mataccen firij, ya sa fitilar lantarki biyu a ciki, ya jera sabon ƙwai talatin, ya rubuta wa ƙofar da fenti: ƊAKIN BINCIKE. Rana ta shida da hantsi aka ɗauke wuta. Ya hura gawayi a kurfoti, ya tura ƙarƙashin firij, ya tafi wurin masu bammi yana yi musu bayanin yadda zai riƙa aika 'yan tsaki Abidjan. Ƙamshi ne ya tara unguwa. Maame Henewaa ta iso da kwanon barkononta, ta leƙa, ta ce in kasuwarta yake son ƙwacewa ya zo ya faɗa mata gaba da gaba. Mun ci goma sha biyu a tsaye, sauran sun ƙone.

A ƙarshe dai kajin gida uku na Maame ya aro, waɗanda ya ce kwancinsu tsohon yayi ne. Ga masu tambaya kuwa ya ce haɗin gwiwa ya ƙulla da ƙananan masu kiwo. Kajin ba su san da haɗin gwiwa ba, suka yi kwancinsu na kwana ashirin da ɗaya, a farkon Yuni suka fito masa da 'yan tsaki ashirin da shida. Goma sha huɗu jajaye, goma sha biyu farare. Iyaye matan goma kuwa ya mayar da su gonar kawun, ya ce sun gama aikinsu.

To a Dormaa ko yaron goye ya san jan ɗan tsako mace ne, fari namiji. Da haka muka tashi muka ga kwali na zuwa. Ni kaina da ba a gabana Pomaa ta yi bayani ba, da haka zan rantse. Twumasi ya ware fararen a tsohon kwali ya ce ba shi da wurin maza masu cin banza, ya ba Pomaa ta yi miya in sun girma. Ta ce masa ya riƙe su tukuna sai sun nuna kansu. Ya ce shi bai san jira ba, sani ya sani.

Da ya tsaya nan da da sauƙi. Amma sai ya ce yana so gari ya shaida cewa mai gonar gobe ba marowaci ba ne, don haka sai Pomaa ta yi masa godiyar kwalba. Kyautar da aka yi godiyarta da kwalbar barasa a gaban shaidu ta bar hannun mai ita har abada, ko fada aka je ba ta dawowa. Don gona ake yin haka, ko gida. Ban taɓa jin an yi don 'yan tsaki ba. Pomaa ta je ta sayo kwalbar, ta kira ni da Maame da dattawan dangi biyu, aka zauna a gaban Kawu Ankama. Twumasi ya yafa zanensa na zuwa biki, ya miƙe ya yi jawabi. Ya ce ko ya hau kan gonar ba zai manta da ƙanwarsa ba, zai bar mata wankin kwanonin ruwan kaji, kada ta rasa abin yi. Na ga idon Pomaa ya kawo ruwa, kuma raina ya ɓaci ƙwarai. Ta sunkuya ta yi godiya yadda ake yi, aka zuba wa kakanni nasu a ƙasa, muka shanye sauran, ta ɗauki kwalinta ta tafi.

Da jajayen suka kai sati goma, Twumasi ya ce lokacin tacewa ya yi. Masu kiwo sun san kazar da ke yin ƙwai sosai zankonta, jan naman nan na kai, babba ne jawur, wadda ta daina kuwa nata ya yanƙwane. Gaskiya ne, amma ga manyan kaji. Shi sai ya jera 'yan sati goma yana aunawa da tsinke. Takwas zankonsu ya taso ya yi ja, shida nasu ɗan mitsitsi ne. Ya ce shidan nan su za su ɓata masa iri.

Na ce, "Twumasi, shidan nan fa kamar su ne matan."

"Duk mata ne, Masta, ba ka ga jajaye ba ne? Waɗannan ragwayen ne."

Ya yanka su, aka daka fufu, ya gayyaci rabin unguwa. Yana raba nama yana cewa haka masana ke yi, sai an zubar da rago iri ke tsayawa. Ba zan yi ƙarya ba, na ci kwano biyu. Miyar ta yi daɗi, kuma duk lomar da na kai ina jin kamar ɗakin kaji guda nake haɗiyewa.

A watan Oktoba cara ta fara fitowa daga ɗakin binciken. Ya ce farin uban ne. Maame Henewaa, wadda katanga ɗaya ce tsakaninsu, ta ce ita dai tun da take ba ta taɓa jin zakara ya yi cara ya amsa wa kansa ba, balle da murya biyar. Twumasi ya fusata, ya fito da farin zakaran a gaban kowa ya sayar wa mai abinci, ya ce sai ya ga abin da za a ƙara cewa. Ashe tsoron uban ne ya sa samarin ke ragewa. Da gari ya waye, sai da limamin coci ya aiko a tambaya ko lafiya.

Sai ya ce kazar da za ta yi biyu ranar Lahadi dole ta fi sauran ƙarfin ƙirji. Ya sayo rediyo ya rataye a ɗakin, ya ƙure murya, wai kiɗa na saukar da ƙwai. Ya ƙara musu abincin masu yin ƙwai, ya daka musu ɓawon kawa. Ya zo shagona ya sa na sassaƙa masa ƙwai uku na katako, ya ajiye a gurbi don su ga misali. Wata rana ya ce zai auna ƙashin bayansu da yatsu ya ga ko ƙwai ya kusa, yadda ya ga Pomaa na yi. Ya fito da hannu a naɗe da tsumma, ya ce ƙusa na bari a ƙofa.

Ranar na je na sa ido a hudar katakona. Zakaru takwas ne, ƙosassu, da wutsiya har ƙasa, biyu suna ta dambe a kan ƙwaina na katako. Na same shi na faɗa masa, ni da shi kawai. Ya tambaye ni nawa Pomaa ta ba ni. Tun daga ranar na bar shi da rediyonsa.

Ranar bikin ta kama Asabar. Aka kafa rumfuna, dangi suka zo har daga Sunyani, mata suka yi ta daka doya. Twumasi bai kwana a gari ba, an ce an gan shi a motar Berekum. Wajen azahar sai ga shi da zanen biki da tabarau, riƙe da kwano an rufe da farin ƙyalle, ya nufi madafa kai tsaye yana cewa a matsa, a matsa, ƙwan Twumasi Ja ne, a sa a tukunya yanzu.

Kawu Ankama ya ɗaga sandarsa daga kan kujera. Ya ce shi shekara arba'in yana kiwo, ba ya cin ƙwan kazar da bai gani ba. A kai shi ya gaisa da iyayen, kuma a mayar da ƙwan gurbinsu ya ɗauka da hannunsa.

Twumasi ya ce kajin ba sa son taro. Tsohon ya ce to su saba, tunda Abidjan za su. Haka aka miƙe gaba ɗaya, dattawa da mawaƙan coci da masu rabon shinkafa, aka bi tsoho a hankali har bayan gida. Twumasi ya riga mu da gudu. Da muka isa ya tsaya ya tare ƙofa da bayansa, rediyo na ta ihu a ciki. Kawu ya ce a kashe rediyon, a buɗe.

Wata shida ba su ga rana sosai ba. Suka fito a guje su takwas, suka watsu cikin mutane. Ɗaya ya hau kan kwanon rufi ya buɗe makogwaro, sauran suka amsa masa daga ƙasa. Ɗaya ya hango kazar Maame Henewaa tana kiwonta, ya bi ta, ya cim mata daidai gaban limamin coci. Liman ya ɗaga kai yana kallon gajimare.

"Halin zumuɗi ne," in ji Twumasi. "Wofa, ka bar kallon jiki, ka dubi aiki. Ga ƙwai can a gurbi."

Ƙwai kuwa ga su, shida, an jera su reras kusa da nawa na katako. Tsohon ya sa aka miƙo masa ɗaya. Ya juya shi a tafin hannu, ya kankare wani fari-fari da ke jikin ɓawon, ya ɗanɗana. Sannan ya ƙwanƙwasa shi a kan sandarsa, ya ɓare shi tas, ya ɗaga kowa ya gani.

"Da gishirinsa suke yin sa, ko kai kake zuba musu?"

Maame Henewaa ta karɓa ta gutsura, ta ce wannan dahuwar tashar Berekum ce, sun cika gishiri, kuma ta ji haushi da ya tsallake ta ya kai kuɗinsa wani gari. Dariyar da aka yi har masu dakan doya suka ajiye taɓare suka zo. Twumasi ya fara bayanin cewa gwaji ne ya yi don ya auna basirar dangi, amma na kan rufi ya sake cara, ba wanda ya ji ƙarshen.

Aka koma rumfa. Kawu ya zauna ya ce to shi yanzu haka zai ci oton tamanin, ba ƙwai? Pomaa ta shiga madafa ta fito da akushi. Doya ta yi jawur da manja, a kai ƙwai bakwai, 'yan ƙanana. Tsohon ya ce ai waɗannan ba na gonarsa ba ne, nasa sun fi haka girma. Ta ce na fararen nan ne da Bra Twumasi ya ba ta ta yi miya. Biyar sun fito zakaru, bakwai mata, tun watan jiya suka fara. Ba kullum suke yi ba, ba su kai iyayensu ba, amma suna yi.

Twumasi ya zabura har zanensa ya zame.

"Nawa ne! Ni na ƙyanƙyashe su! Wofa, ka ji da bakinta, Twumasi Ja ce ta yi ƙwai!"

"Fara dai," in ji Maame.

Tsohon ya juya ya dubi dattawan nan biyu. Babbansu ya yi gyaran murya ya ce ya tuna an kira shi wani zama a watan Yuni, kuma ya tuna wanda ya nace sai an kawo kwalba. Aka tambaye ni. Na ce ni na ga ƙarshen kwalbar, kuma har yanzu tana shagona ina zuba ƙananan ƙusoshi. Twumasi ya ce ai wancan maza ya bayar, bai ba da mata ba. Dattijon ya ce kwali aka ba da, da abin da ke cikinsa, kuma kakanni sun sha nasu.

Kawu Ankama ya wanke hannu, ya ɗauki ƙwai ɗaya ya ci a hankali, ya kora da doya. Sannan ya zaro makullan daga wuyansa, ya kira Pomaa da cikakken sunanta, ya sa mata a hannu. Ta ɗaure su a bakin zane, ta koma madafa ta fito da kwalba sabuwa, domin ita ba ta barin kyauta ta kwana ba godiya. Sai da aka zuba wa kakanni aka shaida, sannan ta juya wajen yayanta, wanda ke tattara zanensa daga ƙasa.

"Bra Twumasi, ni ma ba zan manta da kai ba. Litinin ƙarfe shida. Kwanonin ruwan ɗari da ashirin ne."

Ya kuwa je, da tabarau ɗinsa. A tasha yana faɗa wa mutane shi ne shugaban sashen ruwa.